Kwana huɗu a tsibiri: Lamu ko Zanzibar, kuma yaya za mu huta da gaske?

"Assalamu alaikum. Ina Nairobi kan wani kwas na wata shida, daga Janairu zuwa Yuni, kuma iyalina za ta zo daga Kano ta yi mini mako biyu. Ina so in ɗauke ta mu je wani ƙaramin tsibiri daga Juma'a zuwa Litinin, mu huta kawai. Shekara tara da aurenmu ba mu taɓa yin tafiya mu biyu ba, kullum da yara. Abokan kwas suna ta ce mini Zanzibar, wani kuma ya ambaci Lamu. Ba mu iya ruwa ba, ita ko teku ba ta taɓa gani ba, kuma ba na son wurin da za mu wuni muna kawar da kai. Ina ya fi dacewa, kuma me za mu yi a kwana huɗu?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo uwargida lafiya, ya ƙara danƙon zumunci. Idan na fahimce ka, abu uku kake tambaya a dunƙule: wane tsibiri, wane wata, kuma yaya za a yi kwana huɗun nan su zama hutu, kada su zama wata sabuwar gajiya da aka biya da kuɗi mai yawa. Na daɗe ina shirya wa mutane tafiya zuwa gaɓar tekun Afirka ta Gabas, ma'aurata da 'yan kasuwa da masu zuwa taro, kuma ta ukun ce ta fi kayar da mutane. Amsata a gajarce: ku je Lamu, tsakanin Janairu da Maris, ku sauka a gida ɗaya, ku yi abu ɗaya tak kowace rana. Ga dalilaina.

Me ya sa Lamu

Idan hutu gajere ne, abin da nake fara lissafawa shi ne awa nawa za a ɓata daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki. Zanzibar wuri ne mai kyau, ba na kushe ta, amma ba ƙaramin tsibiri ba ce. Babban tsibirinta, Unguja, ya kai kilomita 85 a tsawo. In ka sauka a filin jirgi, akwai tafiyar mota ta sama da awa ɗaya kafin ka kai bakin ruwan arewa irin su Nungwi. Ga shi kuma ƙasar Tanzaniya ce, wato za ku tsallaka iyaka, ku bi layin shige da fice, ku biya inshorar da aka wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024. Ranar zuwa da ranar dawowa duk sun tafi a hanya, saura kwana biyu a hannu. Sannan wuraren da aka fi tallatawa a can su ne daidai irin waɗanda ka ce ba ka so, masu kiɗa har tsakar dare da cunkoson masu yawon buɗe ido.

Lamu kuwa cikin Kenya take, a arewacin gaɓar teku. Daga Nairobi jirgi yana kai ka a awa ɗaya da 'yan mintuna, ko kusan awa biyu in ya tsaya Malindi. Akwai masu tashi daga ƙaramin filin Wilson, akwai masu tashi daga babban filin Jomo Kenyatta, don haka ka duba tikitinka da kyau kada ka nufi wanda ba shi ba. Jirgin ba ya sauka a kan tsibirin Lamu kansa. Yana sauka a Manda, tsibirin da ke fuskantarsa, ka fito ka taka 'yan mintuna zuwa bakin ruwa, ka shiga kwalekwale mai inji, cikin kamar minti goma kana garin Lamu. In kun bar Nairobi da hantsi, za ku yi azahar a tsibiri.

Garin kansa na Musulmi ne tun asali. Mutane suna zaune a cikinsa ba yankewa fiye da shekara 700, kuma a 2001 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a matsayin garin Sawahili mafi daɗewa da ya tsira da siffarsa. Gidajen na dutsen murjani ne da farar ƙasa, an yi rufinsu da itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, wanda suke kira mikoko. Lungunan sun yi ƙunci har mota ba ta iya shiga, shi ya sa har yau jaki ne ke ɗaukar yashi da buhun shinkafa da akwatin baƙo. Jakunan nan suna da asibitinsu a bakin ruwa tun 1987. Wanda ya san lungunan cikin birnin Kano ba zai ji baƙunta sosai ba: ga ƙofar gida mai ɗan zaure da dakali hagu da dama, wanda suke kira daka, inda mai gida ke karɓar baƙi maza ba tare da an shiga ciki ba, ga almajirai da allo, ga kiran salla daga masallatai da yawa a lokaci guda. A 'yan shekarun nan babura sun shigo, suna kai da komo a titin bakin ruwa, kuma sun rage wa wurin shirun da aka san shi da shi. Amma da ka kutsa lungu biyu ciki, sai ƙarar kofaton jaki da muryar yara.

Wane wata

Iska biyu ke mulkin wannan gaɓa, kuma da su jiragen katako suka yi ta zirga-zirga tsakanin Oman da Indiya da Afirka tun ƙarnoni. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ce ke kaɗawa, sunanta kaskazi. Lokacin zafi ne da rani, teku ta kwanta, ruwan ya yi garau. Daga Afrilu zuwa wajen Oktoba sai kusi, ta kudu maso gabas, mai ƙarfi, wadda ke tayar da igiyar ruwa ta kuma gurɓata shi. Babbar damina tana sauka daga Afrilu zuwa Yuni, ta fi tsanani a Mayu, har wasu masaukai kan rufe su yi gyara. Tunda kwas ɗinka ya ratsa duka biyun, ka roƙi uwargida ta zo kafin ƙarshen Maris. Mutumin da bai taɓa shiga kwalekwale ba, bai kamata ranarsa ta farko ta zama ranar da ruwa ke jijjiga shi ba.

Ka duba kalandar Musulunci ma. A watan azumi gidajen abinci da yawa suna rufe da rana, gari kuma yana raye da dare. A ƙarshen Rabi'ul Awwal ana yin babban Maulidin Lamu, wanda Habib Swaleh ya kafa, wato malamin da ya zo daga tsibiran Komoro ya gina masallacin Riyadha a ƙarshen ƙarni na 19. Jama'a suna zuwa daga ko'ina a gaɓar, masauki ya yi wuya, gari ya cika maƙil. Abin gani ne, amma ba ga mai neman shiru ba.

Inda za ku sauka

Zaɓi biyu ne. Akwai tsohon garin Lamu, akwai ƙauyen Shela, kimanin kilomita 3 kudu da shi. Tsohon gari ya fi araha, ya fi rai, kasuwa da masallatai da masu sayar da abinci duk suna kusa, amma ba shi da bakin ruwan da za a zauna a kan yashi, kuma magudanan ruwansa a buɗe suke, da zafin rana akwai wari a wasu lunguna. Shela ta fi tsafta da shiru, daga bakinta ne rairayin teku ya miƙe har kilomita 12 babu gini, sai tuddan yashi a bayansa. Turawa sun sayi gidaje da yawa a can, shi ya sa ta fi tsada, akwai kuma otal ɗaya ko biyu masu sayar da giya a bakin ruwa.

Ga ma'aurata irinku, Shela nake zaɓa, kuma a gida irin na gargajiya maimakon otal. Yawancin gidajen nan benaye ne masu hawa biyu ko uku, a samansu akwai rumfa mai rufin ganyen kwakwa da gadaje na hutawa, iska na ratsawa ta ko'ina. Uwargida za ta iya cire mayafi ta miƙe ƙafa tana kallon jiragen ruwa ba mai ganinta. Wannan rumfar ita ce rabin hutun, don haka kafin ka biya ka tambaya ko taku ce ku kaɗai ko ana tarayya da wasu baƙi. Ka tambayi fanka da gidan sauro. Gidaje da yawa suna zuwa da mai dafa abinci, masunta kuma kan kawo kifi har ƙofa da safe, ka zaɓa, a dafa muku yadda kuke so. Sau da yawa hakan ya fi cin abinci a waje sauƙi.

Kada ka raba kwanakin, biyu a nan biyu a can. Na sha ganin masu yin haka don kada wani abu ya wuce su. Haɗa kaya, jiran kwalekwale, jiran a gyara sabon ɗaki, sun cinye rabin yini, kuma jiki ba ya sakewa a wurin da bai kwana biyu a jere ba.

Agogon tsibiri

Nan ne nake so ka tsaya ka saurare ni, domin nan ake samun hutun ko a rasa shi. A Lamu abu biyu ke tsara yini: salla da ruwa. Teku tana cika ta janye sau biyu a kowace rana, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. In ruwa ya janye, za ka iya takawa daga Shela zuwa garin Lamu ta bakin gaɓa cikin kamar minti 45. In ya cika, wani sashe na hanyar ya nutse, sai kwalekwale. Wasu wuraren kuma sai ruwa ya cika ake shiga. Ba mai iya gaggauta wannan, kuma mutanen garin ba sa ƙoƙarin yi. Kalmar da za ka fi ji a bakinsu ita ce pole pole, wato sannu sannu.

Akwai kuma lissafin lokaci na Sawahili, wanda ke farawa daga fitowar rana. Tunda tsibirin yana dab da tsakiyar duniya, rana tana fitowa wajen ƙarfe shida ta faɗi wajen shida da 'yan mintuna duk shekara, sai suka mai da ƙarfe bakwai na safe ya zama awa ta ɗaya. Na taɓa tura wani bawan Allah da matarsa, suka shirya da mai kwalekwale zai kai su kangon Takwa, wani tsohon gari a kan Manda. Ya ɗaga musu yatsa biyu ya ce saa mbili. Shi mai gidan ya ɗauka ƙarfe biyu na rana, alhali ƙarfe takwas na safe ake nufi. Suka fito bayan azahar da shirinsu tsaf, suka tarar ruwa ya janye, mashigar ta zama taɓo. Ya kira ni ransa a ɓace. Washegari da na sake jin muryarsa, sai ya ce yammacin da suka yi a saman bene ba tare da zuwa ko'ina ba, suna shan shayi mai citta suna hira har magariba, shi ne abin da matarsa ta fi yabawa a tafiyar. Tun daga ranar nake gaya wa kowa ya nuna lokaci a fuskar agogo in zai yi alƙawari da mai jirgi, kuma ya bar kowace rana da sarari.

Ga yadda ni zan kashe kwanakin. Juma'a ta isowa ce. In kun samu jirgin safe, ka yi sallar Juma'a a Shela, inda tsohon masallacin ke da hasumiya mai siffar kan harsashi da aka gina a 1829. Za ka lura alƙibla arewa take kallo, domin Makka tana arewa da Lamu kusan kai tsaye. Mu da muka saba fuskantar gabas, jiki kan so ya juya da kansa, to ka tambayi masu gida su nuna wa uwargida tun da farko. Mutanen gaɓar Shafi'awa ne, za ka ji liman yana bayyana bisimilla, da asuba kuma ana ɗaga hannu a yi ƙunuti bayan ruku'u. Bayan salla ku ci abinci ku kwanta. Da la'asar sakaliya ku taka zuwa bakin teku, ta gan ta karo na farko ba tare da kowa yana hanzarta ta ba. Ku cire takalmi ku tsaya inda ruwa ke taɓa idon sawu. Ya isa na ranar.

Asabar da sassafe, kafin rana ta yi zafi, ku shiga tsohon gari. Ku fara da gidan tarihi da ke bakin ruwa, inda aka ajiye manyan ƙahonni biyu na sarauta da ake kira siwa, ɗaya na hauren giwa ɗaya na tagulla. Daga nan ku bi babban lungun kasuwa zuwa dandalin da ke gaban ganuwar da aka gina tsakanin 1813 da 1821, bayan mutanen Lamu sun ci mutanen tsibirin Pate da na Mombasa da yaƙi a bakin ruwan Shela. Akwai manyan bishiyoyi a dandalin, dattawa na zaune a inuwa da farar riga da hula mai aiki. Ku zauna ku ma. Ku kalli ƙofofin gidaje, na katako masu sassaƙa, wasu da ayar Alƙur'ani a samansu. In kana son mai rakiya, ka nemi mai katin shaida ta hannun masaukinka, ku yi ciniki kafin ku fara tafiya. Kafin azahar ku koma gida.

Lahadi ta jirgin iska ce. Jirgin katako ne mai babban ƙyalle mai kusurwa uku, irin wanda har yanzu ake sassaƙawa da hannu a ƙauyen Matondoni. Garin Lamu da Shela gabas suke kallo, saboda haka faɗuwar rana daga kan ruwa aka fi ganinta. Ku tashi bayan la'asar, ku roƙi mai jirgin ya kashe inji da zarar an fita. Sai ka ji komai ya ɗauke, saura ƙarar ruwa a jikin katako da kukan igiya. In lokacin cikar ruwa ya dace da safiya kuma kuna da ƙarfi, kuna iya musanya wannan da Takwa, garin da aka yi watsi da shi a ƙarni na 17 a kan Manda, inda bangon babban masallaci ke tsaye har yau a tsakiyar itatuwan kuka. Ɗaya daga ciki za ku ɗauka. Tsibirin Pate da su Kiwayu kuwa ku bar su sai wani zuwan, sun yi nisa ga kwana huɗu.

Ruwa, sutura da abinci

Tunda ba ku iya ruwa ba, ga doka guda da ba na sassautawa: kada ku shiga kowane jirgi sai an ba ku rigar da ke hana nutsewa, ku sa ta, ku ɗaure. In mai jirgi ya ce ba ya da ita, ku nemi wani. Mashigar da ke tsakanin Shela da Manda tana da ja mai ƙarfi lokacin da ruwa ke fita, ko gwanaye suna shakkarta. Iyakarku gwiwa. Kada ku hau jirgin da aka cika fiye da kima, kada ku tsallaka da dare in ba dole.

Batun kawar da kai, gaskiya a farkon rairayin Shela za ku ga baƙi da kayan wanka. Amma kilomita 12 ne. Tafiyar minti goma sha biyar ta raba ku da su, musamman da sassafe, sai dai kada ku yi nisa can inda babu kowa, kuma ku dawo kafin duhu. A cikin gari matan Lamu baƙar abaya suke sawa, wadda suke kira buibui, don haka uwargida da hijabinta ta fi kowace baƙuwa dacewa da wurin. Ta zo da kaya marasa nauyi na auduga, domin zafin can mai gumi ne, ba irin busasshen zafin Kano ba.

Abinci ba abin damuwa ba ne, garin Musulmi ne kuma kifi ya fi yawa. Ku nemi samaki wa kupaka, gasasshen kifi da aka shafe da miyar madarar kwakwa da tsamiya, a ci da shinkafar da aka dafa da kwakwa. Da safe akwai mahamri, wani soyayyen burodi mai ƙamshi dangin fanke, ana haɗa shi da wake a madarar kwakwa. Da yamma masu gahawa kan fito bakin ruwa da butar tagulla, suna zuba ta a 'yan ƙananan kofuna, mai ɗaci, a kora da alewar da suke kira halwa. Akwai ƙaguwa da jatan lande manya, amma wanda bai saba ba ya fara da kaɗan, don wasu jikinsu ba ya karɓa. Ruwan roba za ku sha. Akwai sauro da zazzaɓinsa a gaɓar. Ni ba likita ba ne, ka tuntuɓi naka kan maganin rigakafi kafin ku tashi, musamman in uwargida na da juna biyu.

Tsaro da kuɗi

Dole in faɗi wannan a fili. Yankin Lamu yana iyaka da Somaliya, kuma ɓangarensa na kan tudu ya sha hare-haren al-Shabaab, daga na Mpeketoni a Yunin 2014 zuwa na sansanin soja na Manda Bay a Janairun 2020. A 2011 an sace baƙi a Kiwayu da Manda. Shi ya sa ban taɓa tura kowa ta mota ba, ko da bas ya fi araha nesa ba kusa ba. Ta sama za ku je, ta sama za ku dawo. Gwamnatoci irin ta Birtaniya da ke gargaɗin mutanensu kan yankin sun saba ware tsibiran Lamu da Manda daga gargaɗin, kuma jirage na sauke baƙi kullum. Amma irin wannan lamari yana iya sauyawa cikin mako guda, kuma abin da na sani daga nan ba zai maye gurbin labarin ranar ba. Kana Nairobi, ka bi labarai, ka kira masaukin kwana biyu kafin tafiya ka tambaye su kai tsaye.

Ba zan rubuta maka farashi ba, domin yana hawa da sauka da yanayi, ƙarshen Disamba da farkon Janairu sun fi kowane lokaci tsada. Abin da ba ya canzawa shi ne tikitin jirgi ne zai fi cin kuɗi, kuma yana ƙaruwa in an matso, to ka saya da wuri. Wasu ƙananan jiragen kilo 15 kawai suke yarda da shi, a jaka mai laushi. Ka riƙe shilin a hannu da kuma M-Pesa, wato asusun kuɗi na Kenya, a waya, bankuna suna tsohon gari. A bakin ruwa samari za su taso maka kowa na cewa shi kyaftin ne. Ka yi musu sallama, ka ce asante, wato na gode, ka wuce. Mafi sauƙi shi ne masaukinku ya turo wanda zai tarbe ku a Manda, in kun gamsu da shi ku riƙe shi har ƙarshe. Uwargida kuma kada ta manta katin rigakafin shawara, ana tambayarsa ga mai shigowa daga Najeriya, ta kuma tabbatar da ƙa'idar shiga Kenya a makon da za ta taso.

Sauran abu ɗaya, kuma shi ya fi wuya: waya. Ku tsayar da lokaci guda na kiran yara, misali bayan isha'i, wanda a Kano magariba ba ta daɗe da yi ba ko ma ba ta yi ba, tunda Kenya na gabanmu da awa biyu. Ka sanar da abokan kwas cewa ba ka nan sai Talata. Ranar Litinin ka nemi jirgin yamma, don ku samu safiya guda ta ƙarshe a saman bene. Ku sayi halwa ta tsaraba a tsohon gari, a naɗe muku ita da kyau don tana da maiƙo, sannan ku kasance a bakin ruwa awa ɗaya da rabi kafin tashin jirgi.